Kwamfutar gida tana ta ƙara nauyi, a yi mata fomat ko a fara duba ta?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka min. Laftof ɗin gidanmu ce, Dell Latitude E5440, ta hannu muka saya, kuma lokacin da ta zo lafiyarta ƙalau, kana danna abu yake buɗewa. To a hankali a hankali ta fara nauyi, ba wai rana ɗaya ta lalace ba, yanzu abin ya kai in na kunna ta sai na ɗora ruwan shayi na dawo ba ta gama buɗewa ba, Excel ɗin da nake shigar da sakamakon ɗalibai kuwa ina dannawa sai ya yi fari ya tsaya cak. Ga jarabawa ta matso. Maigidan ya ce a kai ta a yi mata fomat kawai, ni kuma tsoro nake ji saboda takardun makaranta da hotunan yara duk suna ciki. Me ke jawo irin wannan?

Abba Kurna: Wslm Hajiya. Gaskiya maigida ya faɗa, fomat ne maganinta. A kwashe kayanki a fulash a zuba mata sabuwar Windows ta dawo garau. Ni duk sanda tawa ta fara haka abin da nake yi kenan

Ummi Zariya: Anti bairos ne wlh, musamman in yara na sa mata fulash daga waje

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam Malama. Dan Allah kar ki kai ta fomat tukuna. Abba ka lura da maganarka, ka ce "duk sanda ta fara", kenan tana komawa gidan jiya bayan an yi. Abin da ke sa kwamfuta nauyi a hankali bai wuce ɗaya daga cikin huɗu ba ko su haɗu: manhajoji sun yi yawa suna tashi tare da ita, RAM ya yi mata kaɗan, faifan ajiya ya gaji, ko zafi. Fomat na farkon kaɗai yake magancewa. In faifan ne ya fara mutuwa, zuba masa sabuwar Windows wahala ce za a ƙara masa, wani ma a tsakiyar aikin yake cikawa kayan mutum su tafi. Kuma kwamfutar da kanta za ta gaya miki inda ke mata ciwo, ba sai an yi canke ba.

Malama ki kunna ta ki bari ta gama buɗewa, sai ki danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai fito, in ƙarami ya fito ki danna More details a ƙasa. Ki shiga Performance ki gaya mana abin da kika gani a CPU (furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar) da Memory (RAM) da Disk (faifan ajiya), kashi nawa nawa. A shafin CPU ɗin kuma ki duba Speed da Up time.

Abba Kurna: Oga Bala wannan ai dogon zance ne, mutum na sauri jarabawa ta zo

Injiniya Bala: Dubawar ba ta kai lokacin da za ta ɓata a hanyar zuwa kasuwa ba ƙanena. Ka bari mu gani.

Maman Sadiq: To na yi, shi kansa Task Manager ɗin sai da ya ja lokaci kafin ya fito. CPU yana yawo tsakanin 15 da 30, Memory 3.4 cikin 3.9 GB, Disk kuwa 100% ne ya ƙi sauka ko kaɗan alhali ban buɗe komai ba. Speed yana ta canzawa, wani lokacin 2 da wani abu wani lokacin ya sauko. Up time ɗin ya nuna kwanaki da yawa, abin ya ban mamaki don kullum da daddare ina kashe ta

Injiniya Bala: Madalla, yanzu muka fara magana. Maganar Up time tukuna don ita ce mai sauƙi. Tun daga Windows 8 akwai wani tsari da suka sa mai suna Fast Startup, in kika danna Shut down ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana adana wani ɓangare na halin da take ciki ne a faifai don ta tashi da wuri, shi ya sa lissafin bai koma sifili ba. Restart ne ke wanke komai ta fara daga farko. Ki riƙa yi mata Restart lokaci lokaci.

Amma babbar matsalar ga ta nan a fili, Memory ya kusa cika kuma Disk 100%. Su biyun a haɗe suke. RAM kamar teburinki ne na ofis, faifan ajiya kuma kabad ɗin da ke can ƙarshen ɗaki. In teburin ƙarami ne dole duk littafin da za ki buɗe sai kin tashi kin mayar da wani kabad kin ɗauko wannan, aikin minti ɗaya ya koma goma. Haka Windows take yi in RAM ya cika, sai ta riƙa juye abubuwa a faifai tana kwasowa, faifan kuma irin na da ne mai juyawa, HDD, ya fi RAM jinkiri nesa ba kusa ba. 4GB ya wadatar a lokacin da aka ƙera wannan kwamfutar wajen 2013 zuwa 2014, amma Windows 10 ta yi ta girma tun fitowarta a 2015, Chrome ya yi girma, shafukan intanet ma sun ƙara nauyi. Kwamfutar tana nan yadda take, kayan da ake ɗora mata ne suke ƙaruwa duk shekara, shi ya sa kika ga abin ya zo a hankali.

Yanzu ki shiga Startup a cikin Task Manager ɗin ki karanto mana sunayen da ke wurin.

Maman Sadiq: Kai suna da yawa fa. Akwai Avast, Smadav, McAfee, IDM, Skype, Teams, OneDrive, Adobe wani abu, uTorrent, Opera, sai wani PC cleaner da wani driver updater, da wasu da ban ma san su ba. Yawanci an rubuta High a gabansu

Ummi Zariya: Tab, antibairos har uku Anti?

Maman Sadiq: Mai shagon da muka saya a wurinsa ne ya zuba biyu, ɗayan kuma ina jin Sadiq ne ya sa

Malam Nura: Ni a ganina yawansu ai ƙarin tsaro ne. Abin da wannan bai kama ba wancan ya kama. Mu da muke buga takardun mutane a shago kullum fulash ɗin jama'a muke sakawa, in ba Smadav da tuni bairos ɗin nan mai mayar da fayil shotkot ya gama da mu

Injiniya Bala: Malam Nura ranka ya daɗe, a shago irin naka ina fahimta, kuma shi Smadav dama an yi shi ne ya zauna tare da wani, ƙarami ne kuma fulash ya fi sa wa ido. Matsalar ita ce manyan biyu, Avast da McAfee. Duk fayil ɗin da aka taɓa sai wannan ya tsayar da shi ya bincika, wancan ma ya tsayar ya bincika, har su riƙa binciken juna, duk a kan faifan da dama numfashi yake da kyar. Kuma ina kyautata zaton McAfee ɗin na gwaji ne wa'adinsa ya ƙare tuntuni, ba ya sabuntawa sai cin wuri. Windows 10 tana da nata mai tsaro a ciki, Defender, kyauta ne, yana janyewa ne in ya ga an sa wani, kina cire su zai dawo bakin aiki da kansa. Ga kwamfutar gida ya isa.

Malam Nura: To ni dai ban yarda da Defender ɗin nan sosai ba, amma ba zan ja da kai ba a fanninka. Nawa dai ba zan cire ba

Hafsat: Yaya Bala ni abin da ya fi ɗaga min hankali a jerin nan shi ne PC cleaner da driver updater ɗin nan. Irinsu ba mutum ke nemansu ba, suna biyo wata manhajar ne in ana danna Next Next ba a karantawa, sai su riƙa fito da jan rubutu wai an samu matsala ɗari kaza a biya kuɗi a gyara. Anti ki cire su gaba ɗaya ta Settings, Apps. Microsoft da kansu sun ce ba sa goyon bayan amfani da masu share rajistar Windows, wato inda take adana saitunanta, kuma ko CCleaner da ya fi su suna an taɓa yi masa kutse a 2017 mutane suka sauke shi da mugun abu a ciki. In sharar fayiloli ake so akwai Disk Cleanup da Storage Sense a cikin Windows ɗin.

Sannan IDM ɗin nan da uTorrent, manhajojin sauke kaya daga intanet, a tambayi Sadiq a ina ya samo. Ba faɗa za a yi masa ba, duk yaranmu haka suke, amma manhajojin da aka fasa aka raba kyauta su ne babbar ƙofar da ɓarayi ke bi, wasu ana cusa musu abin haƙar kuɗin kirifto ya zauna yana cin ƙarfin kwamfutarki yana tara wa wani can kuɗi, wasu ma da wayo aka yi su, kina buɗe Task Manager sai su yi lamo. Ki sauke Malwarebytes, mai farauto mugayen manhajoji, na kyauta daga shafinsu na ainihi ki bari ya zagaya sau ɗaya.

Ummi Zariya: Kun ga ai na ce bairos ne

Hafsat: Zai iya kasancewa da shi Ummi amma ba a tabbatar ba tukuna, CPU ɗinta ma bai yi sama ba

Injiniya Bala: Haka ne. Malama a Startup ɗin ki danna kowanne ki zaɓi Disable, wannan ba goge shi ba ne, hana shi tashi da kansa ne kawai, ranar da kike son Skype ki buɗe abinki. Abin da ya shafi sauti da tocfad ki bar su, in kin ga sunan Realtek ko Intel ko Dell kar ki taɓa. Amma kafin duk wannan akwai abin da ya fi damuna. Disk 100% ba tare da an buɗe komai ba wani lokacin cunkoso ne kawai, wani lokacin kuma faifan ne yake ban kwana. Ki kasa kunne kusa da ita, kina jin wani ƙas ƙas ko tik tik yana maimaituwa? Sannan ki sauke CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai ce, ƙarama ce ba ta cin data, ki gaya min launin da ta nuna.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa, ina biye da ku daga nan Nijar. Tawa Windows ɗin da Faransanci take, ban ga Task Manager ba

Hafsat: Malam maɓallan ɗaya ne, Ctrl Shift Esc, sai dai a taka za ka ga an rubuta Gestionnaire des tâches, Startup kuma Démarrage

Ɗan Maraɗi: Na gan shi, na gode ƙanwata. Tawa matsalar daban ce, da safe tana aiki lafiya, in rana ta take sai ta fara ja, fanka na ihu, ƙasanta ba ya taɓuwa don zafi

Injiniya Bala: Taka zafi ne Malam, babu ko tantama. Furosesa tana da iyakar zafin da za ta ɗauka, yawancin na Intel na laftof wajen digiri 100 ne, in ta doshi wurin sai ta rage gudunta da kanta don kar ta ƙone. To ka haɗa zafin Maraɗi na watan Afrilu da ƙurar da hunturu ya bari. Ƙurar nan tana shiga ta taru a bakin ƙarfen da iska ke fita ta zama kamar auduga, fanka na juyawa amma iskar ba ta da hanya. Ga kuma man nan da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, bayan shekaru yana bushewa ya daina aiki. Ka sauke HWMonitor ko Core Temp, manhajojin da ke nuna zafin furosesa, ka duba, in ba ka komai kuma tana 70 zuwa 80, kana buɗe abu ta haura 90, to a buɗe ta a share a sa sabon mai. In za a hura mata iska a riƙe fankar kar ta yi ta juyawa da ƙarfi, kuma ban da na'urar busar da gashi mai zafi. Sannan a daina ɗora ta a kan katifa ko filo ko dardumar ɗaki, ta ƙasa take shaƙar iska.

Maman Sadiq: Innalillahi, mu ma a kan gado yara ke kallo da ita kullum. Injiniya na sauke abin, launin rawaya ya nuna an rubuta Caution. A ƙasa akwai layi biyu masu ɗigon rawaya, Reallocated Sectors Count da Current Pending Sector Count. Ƙarar kuma eh ina jinta wani lokacin, na ɗauka haka take

Injiniya Bala: To Malama ki dakata da komai. Kar ki cire manhaja, kar ki yi sikanin, kar ki yi komai tukuna, ki fara kwashe kayanki YANZU. Abin da layukan nan ke nufi shi ne wasu gurabe a jikin faifan sun lalace ya kauce musu, wasu kuma yana ƙoƙarin karantawa yana kasawa. Duk sanda ya zo kan irin wannan gurbin sai ya yi ta maimaitawa, kwamfutar gaba ɗaya ta tsaya jiransa, wannan shi ne farin da Excel ke yi miki. Faifan da ya fara haka ba ya warkewa, zai iya kai wata da watanni zai iya tsayawa gobe.

Ki fara da abin da ba za a sake samu ba, sakamakon ɗalibai da takardunki, sai hotuna. Finafinai da waƙoƙi a bar su ƙarshe. Kar ki kwafe duka a tashi ɗaya, folda folda, in wani fayil ya maƙale ki tsallake shi ki ci gaba. Takardun makarantar ki sa su wuri biyu, fulash da kuma Google Drive, suna ba da 15GB kyauta kuma takardun Excel ba su da nauyi.

Abba Kurna: Kai, da an bi tawa da an yi asara kenan. Allah ya kiyaye. Amma Oga me ke kashe faifai haka?

Injiniya Bala: Tsufa na farko, ka tuna ta hannu ce, ta yi shekaru tana aiki a wani ofis a Turai ko Amurka kafin ta zo mana, a CrystalDiskInfo ɗin akwai Power On Hours mutum zai ga awannin da faifan ya yi yana juyawa. Sai girgiza, a cikinsa faranti ne ke juyawa, yawanci sau 5400 a minti ɗaya, da wata 'yar allura tana shawagi a kansa, in aka ɗauki laftof tana kunne aka dangwarar ko yaro ya buge ta allurar na iya taɓa farantin. Sai zafi. Sai kuma wutar NEPA in batir ya mutu. Malama batirinta na riƙe caji?

Maman Sadiq: Ina, ya daɗe da mutuwa, ana ɗauke wuta take mutuwa ɗif

Injiniya Bala: To kin gani. Kowace ɗaukewar wuta tana katse ta ne a tsakiyar rubutu, fayilolin Windows na lalacewa kaɗan kaɗan. Batir ma yana cikin lissafi in hali ya yi.

Sani Dogo: Tunda ana maganar Dell bari in sa baki, ni ma irinta gare ni. Tawa ta taɓa yin wani irin nauyi, Disk lafiya, Memory lafiya, ba zafi, amma Speed ya tsaya a 0.79 GHz ya ƙi motsi. Wani mai gyara ya ce bod ne, wato babban allon da ke cikinta, in kawo kuɗi a canza. Ashe caja ce. Cajar Dell tana da wani siririn tsinke a tsakiyar bakinta da shi kwamfutar ke gane ko wat nawa ce, in cajar jabu ce ko tsinken ya karye sai ta ƙi gane ta, ta rage gudun furosesa, wani lokacin ma ta ƙi cajin batir. Ina sa cajar abokina ta asali ta warware nan take. Hajiya ki duba, in tana tashi ki riƙa danna F2 ki shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar na kafin Windows ta tashi, a wurin bayanin batir za ki ga AC Adapter, in ya rubuta 65W ko 90W lafiya, in ya rubuta Unknown to cajar ce.

Injiniya Bala: Wannan gaskiya ne Sani, kuma HP ma suna da irin wannan tsinken. Tata dai tunda Speed na hawa sama da 2 ba na zaton caja ce, amma dubawar ba ta da wahala.

Maman Sadiq: Alhamdulillah na kwashe takarduna duka da mafi yawan hotuna, wasu 'yan kaɗan sun ƙi kwafuwa na tsallake su kamar yadda ka ce. Caja ta nuna 65W. Yanzu meye abin yi, sabuwar kwamfuta ko? Don gaskiya ba mu shirya mata ba a wannan yanayin

Injiniya Bala: A'a Malama, kwamfutarki da sauranta. SSD za ki saya, wato sabon nau'in faifan ajiya, mai inci 2.5 mai bakin jonawa irin na SATA, zai zauna daidai inda tsohon yake. Shi babu abin da ke juyawa a cikinsa. A kwafar babban fayil HDD na yin wajen 100MB a daƙiƙa shi kuma wajen 500MB, amma ba nan ne ainihin bambancin ba, wurin ɗebo ƙananan fayiloli barkatai ne, wanda shi ne aikin Windows dare da rana, HDD na yin kamar ɗari a daƙiƙa SSD na yin dubbai. 256GB ya ishe ki aikin makaranta. In kuɗi ya ragu a ƙara RAM ya zama 8GB, wannan samfurin gurbi biyu gare shi, amma ki ce musu DDR3L, da L ɗin, don mai ƙaramar wuta take ɗauka. In ɗaya za ki iya a yanzu to SSD ne gaba. Kuma tunda za a buɗe ta a share fanka a sa sabon mai gaba ɗaya.

Kar a kwafe tsohuwar Windows ɗin zuwa sabon faifan, daga faifai mai ciwo ba a yin haka, a zuba sabuwa fil daga Microsoft. In lasisinta na gaskiya ne tana hawa intanet za ta gane kwamfutar ta kunna kanta.

Abba Kurna: Kenan dai an dawo kan sabuwar Windows ɗin da na ce

Injiniya Bala: An dawo Abba, amma a kan sabon faifai kuma bayan kayanta sun tsira.

Hajiya Binta: 'Yata ki ji shawarar uwa. In za ki kai gyara kar ki bar ta ta kwana a shago, ki zauna a yi a gabanki ko ki tura maigida ko Sadiq ya tsaya. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai masu amana sosai, amma ni an taɓa canza min RAM aka sa ƙarami ban sani ba sai daga baya. Kuma tsohon faifan ki karɓo abinki ki taho da shi gida, hotunan iyalinki na ciki, ba abin bari a hannun kowa ba ne.

Maman Sadiq: In sha Allah Mama, na gode ƙwarai

Hafsat: Ƙari a kan maganar Hajiya, SSD ma akwai jabu da kuma tsofaffi da ake sa wa sabon kwali. Ki nemi sanannen suna irin Samsung ko Crucial ko Kingston ko WD, kuma ana gama sawa tun a shagon ki buɗe CrystalDiskInfo ɗin nan ki duba sunansa da girmansa da Power On Hours, sabo bai kamata ya nuna ɗaruruwan awanni ba. Sannan ki hana su zuba miki tarkacen nan da suke cewa kyauta ce, ki ce Office da burauza ɗaya kawai kike so.

Malam Nura: To ni tambayata, wace Windows za a zuba? Ai na ji an ce 10 ta ƙare

Hafsat: Eh Microsoft sun daina ba ta sabuntawar tsaro ta yau da kullum daga 14 ga Oktoba 2025, sai wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi na ESU, shi kuma na masu amfanin gida zuwa 13 ga Oktoba 2026 aka sa shi a lokacin da aka sanar da shi. Windows 11 kuma tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ta Anti zubi na 4 ce, a hukumance ba ta cancanta ba. Ni da za a bi tawa Linux Mint za a sa mata a madadin Windows, ba ta da nauyi, kyauta ce, tana samun sabuntawa, kuma LibreOffice, manhajar ofis da ke zuwa da ita, na buɗe fayilolin Excel

Abba Kurna: Ana iya tsallake sharuɗɗan nan fa a zuba 11 ɗin, a kasuwa kullum ana yi

Injiniya Bala: Ana yi, amma Microsoft sun faɗa ƙarara ba su ɗauki alkawarin ci gaba da ba irin wannan kwamfutar sabuntawa ba, kuma 11 a kan RAM 4GB wata sabuwar wahalar ce. Hafsat ina tare da ke a kan Mint, ni ma ita ce a tsohuwar kwamfutata, sai dai ba yanzu ba. Malama na da jarabawa a gaba, fom ɗin sakamakon makaranta da Excel aka tsara shi, wani lokacin tsarin shafi na ɗan gocewa in an buɗe a LibreOffice, ba lokacin koyon sabon abu ba ne. A mayar mata da 10 ɗin da ta sani ta gama aikinta, in an yi hutu sai a zauna a gwada Mint daga fulash ba tare da an goge komai ba, in ta yi mata sai a sa.

Hafsat: Na yarda da wannan, amma dai kar hutun ya zo a manta, kwamfutar da yara ke hawa intanet da ita ba ta zama ba sabuntawa

Ɗan Maraɗi: Injiniya na kai tawa an buɗe, wallahi abin da aka ciro a bakin fankar sai ka ce an cusa tsumma. Da tana kai 95, yanzu ko da rana ba ta wuce 70 in ina aiki, ƙarar ma ta ragu sosai. Allah ya saka da alheri

Maman Sadiq: Jama'a ni ma an yi, maigidan ya tsaya aka sa SSD 256GB aka share fanka, RAM ɗin sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Disk yanzu yana 1 zuwa 5 in ba na komai, Excel na buɗewa nan da nan. Memory ne dai har yanzu yake kai 80 in na buɗe Chrome da shafuka da yawa. Allah ya biya ku gaba ɗaya. Tambaya ta ƙarshe, hotunan nan da suka ƙi kwafuwa akwai yadda za a yi? Tsohon faifan na wurina

Injiniya Bala: Amin Malama. Memory ɗin kafin RAM ya zo ki rage shafukan da kike bari a buɗe, ki shiga saitin Chrome wurin Performance ki kunna Memory Saver. Tsohon faifan kuma akwai ɗan gidan da ake saka shi a jona ta USB, ba shi da tsada, ki ce gidan faifai na laftof mai SATA. Ki jona shi a kan tebur ba motsi ki gwada hotunan ɗaya bayan ɗaya, wasu sukan fito a gwaji na biyu ko na uku. In Windows ta ce a yi masa fomat ko a gyara shi ki ce a'a. In kuma kika ji ƙarar ta ƙaru ki cire shi ki ajiye, ki yi min magana in gaya miki yadda ake ɗaukar kwafinsa gaba ɗaya da wata manhaja mai suna ddrescue kafin a sake taɓa shi.